Tsakanin Kaɗawa da Ɗagawa

A gidanmu baki biyu ne ba su taɓa kiran sunana na ji ba, bakin Baba da bakin akunsa. Inna ma ba ta kira, amma ita ban riƙe ta da komai ba, domin ta maye gurbin sunan da ranƙwashi, kuma wanda ake ranƙwasa kullum ya san ana sane da shi.

Ni ce 'yar fari. Duk wanda ya tashi cikin Fulanin Mubi ya san abin da wannan ke nufi. Iyaye ba sa kiran sunanka, ba sa yi maka wasa a gaban mutane, in ma wani ya yabe ka a gabansu sai su kama zancen damina. Kunya ce, filako ne, kowa ya yarda da haka, har da ni a fatar baki. Amma Baba ya kai abin inda ko kakanninsa ba su kai shi ba. Bai tsaya a ƙin kiran suna ba, magana ma ba ya yi da ni kai tsaye. In yana son ruwa, ina tsaye a gabansa, sai ya dubi keji ya ce, “Aku, a ce wa waccan a kawo ruwa.” Ni ce waccan. Na yi shekara fiye da ashirin ina waccan, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya ci mini rai. Ba zane nake nema a wurinsa ba, ba ɗan kunne ba. Sau ɗaya kawai nake so in ji sunana ya fito daga bakinsa, in san ko ina da wuri a can ciki.

Baba dillalin shanu ne a tike, wato babbar kasuwar shanun garinmu. Sana'arsa kallo ce. Sa zai tsaya kowa yana yaba tozonsa, shi kuwa Baba yana duban yadda yake sauke nauyi a ƙafar baya da yadda kunnensa ya kwanta. Da haka ya hana wani ɗan kasuwa daga Kamaru sayen bijimin da ya fi kowanne kyau a kasuwar ranar, bijimin kuwa bai ga kasuwa ta gaba ba. Bayan wata biyu mutumin ya dawo da tukwici a cikin kwali mai huji-huji. Ina aji uku na firamare lokacin, soja ke mulki. Inna ta ji an ce tsaraba daga Kamaru ta sa rai da atamfa ko sabulu mai ƙamshi, sai aka buɗe kwali ta ga tsuntsu toka-toka mai jar wutsiya yana yi mata kallon surukar da ta zo duba girki. Ta ce an kawo mata bakin da za ta ciyar, wanda ko da Sallah ba ya yankuwa.

Cikin shekara biyu akun nan ya kwashe gidanmu kaf ya zuba a cikinsa. Kowace kalma kuma da muryar mai ita yake faɗinta. Yana tarin Baba, yana gaisuwar “Jam na?” da muryar kakarmu, yana hon ɗin tirelar shanu, yana kiran ƙannena shida ɗaya bayan ɗaya da muryar Inna har su fito da gudu su tarar ba kowa. Kalmar da ya fi ƙauna ita ce “albarka”, irin wadda dillali ke faɗi in an yi masa tayin da bai kai ba, ƙin yarda ne cikin ladabi. Inna ta ba shi tuwo ya ce albarka. Limamin unguwa ya zo gaisuwa, ya tsaya yana yi wa gida addu'a, kafin a shafa ya ce albarka. Liman ya ji daɗi, mu da muka san ma'anarta a bakinsa muka shige ɗaki da dariyarmu.

Yana kuma rera rabin waƙar coci, wadda ya ɗauka ta kan katanga daga maƙwabciyarmu. Mama muke ce mata. 'Yar ƙabilar Gude ce daga ƙauyen Duvu, Kirista, tana sayar da kayan miya, katanga ɗaya ce tsakaninmu. Ita ba ruwanta da filako. Sau goma a rana take ƙwala mini kira da cikakken sunana ta kan katangar, in miƙo mata rariya, in karɓi yakuwa, in zo in tsefe mata kai. Babu kalmar da akun ya ji a duniya kamar sunan nan. Ya ɗauki waƙarta, ya ɗauki atishawarta, sunana kuwa ko da kuskure. Tun ina yarinya na yanke hukunci cewa shi da ubangidansa sun haɗa baki.

Na ce “shi” ne bisa al'ada. Yana da shekara goma sha biyu a gidanmu muka wayi gari ya yi ƙwai. Ba wanda ya sauya masa komai. A Mubi wannan ba abin tada hankali ba ne, Mama ma “kai” take ce mini, Inna kuwa “shi”.

Mutane da yawa sun ba Baba shawarar ya yanke masa fiffike kada ya gudu. Ya ƙi. Ya ce bakin aku kwaikwayo ne, maganar wasu yake maimaitawa, maganarsa ta kansa a fiffike take, wanda ya yanke fiffiken harshe ya yanke. Sharar keji da sauya ruwa a kaina suka faɗa, kamar yadda duk wani aikin da ba mai so yake faɗawa kan 'yar fari. Kuma duk safiyar da nake wannan aiki a zaure, Baba yana zaune a kan buzunsa yana shan shayi kafin ya tafi tike, yana ba da darasi. Ba ni yake ba wa ba, Allah ya kiyaye. Bango yake ba wa, ko akun, ko iska. Yakan ce Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska, to shi wannan ba shi da fuska, ido ne da ƙugiyar baki, sai dai a tambayi fiffike.

Darasin farko da jinina na biya shi. Wata safiya na tarar akun ya tayar da gashin ƙeyarsa, ya ɗan buɗa fikafikansa daga jiki, baƙin idonsa yana tsukewa yana buɗewa. Na ga ya yi ɓul-ɓul ya yi kyau, na ce murna yake, na zura hannu in shafa shi. Har yau tabon yana nan a babban yatsana na dama. Ina ihu ina yarfe hannu, Baba ko motsi bai yi ba, sai ya kurɓi shayinsa ya ce wa tsuntsun, “Ka faɗa mata sau uku, ba ta ji ba.” Na so a ce ƙasa ta tsage, ba don ni in shige ba, don su biyun. Da yamma na tarar da ɗan gwangwanin man shafawa sabo a kan turmi, na gode wa Inna, ta dube ni kawai ta ci gaba da tankaɗe.

Daga nan na fara buɗe ido. In ya miƙe fiffike ɗaya da ƙafa ɗaya a gefe guda a hankali, hankalinsa kwance yake, gida lafiya. In ya kama sandarsa da ƙarfi yana bugun iska da fikafikan duka biyu, jini yake motsawa, a kauce kawai kada ya cika wa mutum ido da ƙaiƙayi. In ya duƙa ya miƙa wuya gaba, fikafikan suna rawa, ba tsoro ba ne kamar yadda baƙi ke zato, so yake a ɗauke shi a kai shi inda yake kallo. Mai tsoro baya yake ja, ya matse jikinsa ya zama siriri.

Wata bazara, ranar kasuwa, Baba ba ya nan, akun ya saki fikafikansa suka zubo, ya buɗe baki yana haki. Inna ta ce bakin mutane ne ya kama shi, dama an cika yabonsa, ta aika aka karɓo rubutu. Mama ta ji hayaniya ta zagayo da ɗan kwalbar man da aka yi wa addu'a a cocinsu. Aka tsaya ana girmama juna, wannan ta ce ke fara, waccan ta ce a'a ke fara. A ƙarshe duka suka zura hannu, shi kuma ya ciji kowacce daidai wa daida, bai nuna bambancin addini ba. Baba ya dawo ya same su kowacce da tsumma a yatsa. Ya dubi tsuntsun sau ɗaya, ya cika bakinsa da ruwan buta ya fesa masa. Nan take akun ya baje fikafikai yana juyi yana neman ƙari. Zafi yake ji. Baba ya mayar da kejin gindin mangwaro, ya sanar da mangwaron cewa in aka ga sakin fiffike da sanyi, ga gashi a tashe, ga tsuntsu a ƙasan keji ba a kan sanda ba, wannan ne ciwo. Inna da Mama suka yi mako guda kowacce tana cewa ai nata ne ya fara aiki kafin ruwan.

Amma darasin da Baba ya fi nanatawa shi ne na abu biyu masu kama da juna, kaɗawa da ɗagawa. Kaɗawa da sauri ake yinta. Akun zai fizgi fikafikansa fat-fat ya mayar, kamar mai kakkaɓe wani abu, ma'anarta an dame ni, a ba ni wuri. Ɗagawa kuwa a hankali take. Kafaɗun fikafikan za su rabu da jiki kaɗan, su hau sama, su tsaya kamar numfashi ɗaya, sannan su sauka. Wannan sai ga wanda yake so, in ya shigo bayan an jima ba a gan shi ba. Ma'anarta na gan ka, na ji daɗi. Baba yakan ce wanda bai iya raba waɗannan biyu ba kada ya ajiye aku, ya je ya sayi kaza. Akun yana ɗaga wa Baba duk yamma in ya dawo daga tike. Ni ma yakan ɗaga mini, amma ban ɗauke shi da muhimmanci ba, ai ni ke kawo gyaɗa.

To ga inda ilimi ya yi mini yawa. Baba ba ya rabuwa da babbar riga, ko a tsakar gida. Sai na lura duk lokacin da na shigo inda yake, hannunsa zai kai ga rigar, ya wurga hannun rigar kan kafaɗa, wannan gefe da wancan, ya juya fuska ga bango. Ƙannena su shigo, ba ya yi. Inna ta shigo, ba ya yi. Ni kaɗai. Na dubi wannan, na dubi akun, na ce shi ke nan na gane karatun. Kaɗawa ce. An dame ni, a ba ni wuri. Ina da shekara goma sha ɗaya na karanta wannan a jikin mahaifina, na naɗe shi na ajiye a zuciya, kuma ni mace ce mai riƙo, ban gaji komai a dangin Inna ba sai wannan.

Ranar da na kawo takardar samun shiga makarantar horon malamai, ya wurga riga ya dubi bango, ya ce wa akun a ce wa waccan ta riƙe mutuncinta. Ranar da za a kai ni gidan miji aka shigar da ni zaure in yi masa sallama, na durƙusa ina jira, na ce yau dai ko don mutane zai yi kuskure. Ya wurga riga, ya dubi bango, ya ce a ce wa waccan ta yi haƙuri da mutane. Na fashe da kuka har ana riƙe ni, mata suna cewa Allah sarki amarya ba ta son rabuwa da gida. Ba su san kukan haushi nake ba. Da na haihu na kawo masa jikansa, ya karɓi yaron ya yi masa wasa ya kira shi da sunansa sau uku a jere, ni kuwa na samu rigata da bangona kamar kullum.

Ana haka hawan jini ya kayar da shi a tsakiyar tike. Da aka dawo da shi daga asibiti ɓarin jikinsa na dama ya tafi, magana ma ta tafi. Mutumin da ya yi shekara arba'in yana cin abinci da bakinsa, kalma ɗaya tak aka bar masa, kuma cikin duk kalmomin duniya sai aka bar masa “albarka”. Likita ya tambaye shi sunansa, ya ce albarka. A kawo kunu, albarka. A tambaye shi ko zai kewaya, albarka. Inna ta ce yanzu tsuntsun ya fi ubangidansa baki. Muna dariya, don in ba a yi dariya ba me za a yi. Amma ni a ƙasan dariyar fushi nake. Na ga an rufe ƙofar da na yi shekaru ina zaune a bakinta, sunan nan ba zai ƙara samun hanyar fitowa ba. Ina jin haushin mara lafiya, ina jin kunyar kaina, ina kuma zuwa kullum bayan an tashi makaranta in ba shi abinci. Babbar rigar dai bai saki ba. In aka kawo masa wata riga daban sai ya yi ta albarka har a gaji a ɗauko ta. Hannun hagun da ya rage masa kuwa bai manta aikinsa ba, ina shigowa zai ja rigar kan kafaɗa ya dubi bango.

Shekara guda da wani abu yana haka 'yan bindiga suka shigo Mubi. Mun daɗe muna jin su a garuruwan arewa da mu, muna cewa nan ba za su iya ba, har ranar da suka iya. Da safe ne, na biya gidanmu in kai wa Baba magani, 'ya'yana biyu suna can ɗaya gefen gari tare da mahaifinsu. Ƙarar harbi ta fara daga nesa, kafin a jima ta cika ko'ina. Waya ta ƙi shiga. Mama ta faɗo gidanmu ɗankwali a hannu, ta ce mu tashi mu bi ta Duvu, gidan yayanta yana da wuri. Ƙanina da ke bi mini ya samo baro, muka shimfiɗa bargo muka ɗora Baba. Da muka zo fita zaure sai ya kama ƙyauren da hannun hagu ya riƙe gam, yana albarka, albarka. Inna ta ce gidansa ne ba ya son bari. Na duba na ga ya duƙa gaba, wuya a miƙe, jiki yana rawa, idonsa a kan keji. Wannan karatun dai na iya shi. Na juye akun cikin kwandon Inna na rufe da zane na ɗora a ka, sai ga hannu ya saki ƙyaure.

Hanya cike take da mutane, kowa ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ba mu yi nisa ba babbar rigar Baba ta naɗe a tayar baro, ta kusa shaƙe shi. Ba lokacin lallashi, ƙanina ya yage ta ya cire masa, muka bar ta nan a kan hanya. Akun kuwa daga cikin kwando ya ga wannan ce ranar da ta dace ya yi hon ɗin tirela. Sau uku mutane suna watsewa cikin gonaki suna ba mota hanya, su waiwayo su ga mace da kwando. Wani dattijo ya zage ni tas, ni ma na rama, ban taɓa jin daɗin zagi kamar na ranar ba. Da la'asar muka isa Duvu, yayan Mama ya fitar da buhunan gyaɗarsa daga wani ɗaki ya ba mu.

Kwana ɗaya na yi na ce zan tafi neman 'ya'yana. An ce mutanen gefenmu sun bi ta duwatsu sun nufi Kamaru. Ba zan ba da labarin wannan tafiya a nan ba, wani wuri a ƙafa, wani wuri a bayan babur, ƙauye bayan ƙauye ina faɗin kamanninsu. Na same su a raye, su da mahaifinsu, a wata makaranta a tsallaken iyaka. Na kwana biyu ina taɓa kawunansu, sannan na juyo in gaya wa su Inna. Duka-duka kwana tara na yi. Abin da ban sani ba shi ne, tun a kwana na huɗu jita-jita ta iso Duvu cewa an ga gawar wata malamar makaranta a hanya. Inna ta daina cin abinci. Baba kuwa, in ji su, ya daina ko albarkar.

Da hantsi na shiga gidan. Mata suna can bayan gida, ba wanda ya gan ni, na wuce kai tsaye ɗakin da na bar su. Baba yana zaune a tabarma, an jingina shi da bango, sanye da wata tsohuwar singileti ta yayan Mama. Tunda nake ban taɓa ganin kafaɗun mahaifina a fili ba sai ranar, duk sun rame. Akun yana kan wata sanda da aka kafa masa a gefensa. Na yi sallama, su biyun suka juyo tare.

Akun ya ɗaga. Kafaɗun fikafikan suka rabu da jiki, suka hau, suka tsaya. A daidai wannan lokacin kafaɗar Baba ta hagu, mai ran, ta rabu da bango ta hau sama a hankali, ta tsaya kamar numfashi ɗaya. Sai hannunsa ya tashi da sauri ya kai kafaɗar yana laluben riga. Babu riga. Ya yi ta lalube a kan fata, sannan ya juya fuska ga bango.

Na tsaya a bakin ƙofa kamar an dasa ni. Ashe kafaɗar ce take fara tashi, ba da izininsa ba, hannun kuma yana biyo baya ne ya rufa mata asiri. Shekara ashirin da wani abu ina kallon murfin ina cewa na ga abin da ke cikin tukunya. Ni malamar da ke jan kunnen yara in sun kasa raba “d” da “ɗ”, ni ce na kasa raba kaɗawa da ɗagawa a jikin mutumin da ya koya mini su. Rashin sani kaza ta kwana a kan dami.

Na durƙusa kusa da shi, kusa fiye da yadda na taɓa yi. Na ce, “Baba, na dawo. Yaran suna lafiya.”

Bai juyo ba. Ina ganin gefen fuskarsa, ruwa yana bin gemunsa. Ya ce, “Albarka.” Na sha jin kalmar nan a bakinsa fiye da sau dubu, ranar ce kaɗai na ji ta da ma'anarta ta asali.

Bayan kwana biyu muna ɓarar gyaɗa da Mama a tsakar gida, na ba ta labarin abin da na gani, na ƙara da cewa saura tsuntsun, shi har yanzu ina da shari'a da shi, don shi ba Bafulatani ba ne balle ya ce filako ya hana shi kiran sunana. Mama ta yi dariya har gyaɗa ta zube daga cinyarta.

Ta ce, “Kai yarinya, kana da karatu amma ba ka da wayo. Wannan tsuntsu ya san sunanka tun kana aji huɗu.”

Ta ce wata safiya, mun tafi makaranta, Inna tana wanki, ta ji an kira sunana a zaurenmu da muryar namiji, a hankali, da taushi, irin kiran da ake yi wa jariri. Ta ce a ranta yau Bafulatani ya zauce. Ta taka turmi ta leƙo, sai ta ga akun ne, Baba kuwa yana tsaye a gabansa goro ya kusa sarƙe shi. Na ce ai daga bakinta ya ɗauka, ita ke ƙwala mini kira kullum. Ta ce ko alama, ita ba ta da gemu, kuma tsuntsun nan da muryar mai magana yake magana, na fi kowa sani. A wurin Baba ya ji, kuma ba sau ɗaya ba, ba sau goma ba, don aku ba ya ɗaukar abin da ba a nanata masa. Duk safiya in zaure ya zama daga shi sai tsuntsun, sunana yake faɗa masa.

Wata uku Baba ya yi yana kankare abin da ya shuka. Duk lokacin da akun ya faɗi sunan, sai ya juya masa baya ya fita ya bar shi shi kaɗai, abin da tsuntsun ya fi tsana a duniya ke nan. A haka ya gane cewa wannan kalmar tana korar ubangidansa, ya haɗiye ta. Kuma ranar da Mama ta leƙo, Baba ya tako har gindin katanga, karo na farko da na ƙarshe da ya yi mata magana, ya roƙe ta don girman Allah kada ta faɗa wa kowa. Na tambaye ta to me ya sa yau ta faɗa.

Ta ce, “Yanzu shi ba ya iya hana ni.”

Da sojoji suka karɓe gari muka koma Mubi. Mun tarar da ƙyaure a karye, an kwashe abin da za a iya kwashewa, har da sauran rigunan Baba. Ƙanina ya ce zai ɗinka masa sabuwar babbar riga. Na ce ba yanzu ba, jalabiya ta fi sauƙin sakawa ga mara lafiya. Ƙarya nake, kuma ina jin Baba ya san ƙarya nake. Kullum in na taso daga makaranta sai in tsaya a bakin ƙofa in yi sallama da ƙarfi, in ƙi shigowa sai na ga kafaɗar ta hau ta sauka. Wani lokaci ma in fita in sake shigowa, don mugunta. Damina ɗaya muka yi a haka, kafin ta biyu Allah ya karɓi abinsa.

Akun ya dawo gidana, don Inna ta ce ba za ta iya jin tarin mijinta yana fitowa daga keji ba. Na san sunan yana nan a cikinsa, da muryar Baba, da taushin da Mama ta ce. Ba irin cin hancin da ban ba shi ba. Na ba shi gyaɗa, na ba shi dabino, na sa an kawo masa kwakwar manja daga kudu. Na zauna a gaban keji ina kiran sunan kaina kamar wadda aljanu suka taɓa, 'ya'yana suna leƙe suna ƙyalƙyala dariya. Sai ya karɓi abin da ƙafa, ya cinye tas, ya goge baki a sanda, ya dube ni da ido ɗaya ya ce albarka. An ce aku yana daɗewa a duniya, wataƙila ma ya binne ni, kuma na lura ya fi ni taurin kai.

Jiya ma da na dawo daga makaranta yana jin motsina ya juyo. Fikafikan suka hau, suka tsaya, suka sauka. Na ajiye jaka, na zuba masa ruwa sabo, na ce, “Aku, a ce masa waccan ta gani.”